Katin da Uwaisu Bai Huda Ba

Waɗanda suka san Uwaisu da tsufansa, bayan ya ajiye aiki ya tare a Makarfi yana wuni a rumfar wani abokinsa bakin kasuwar hatsi, abu ɗaya suke fara faɗa a kansa: mutumin nan ya cika tambaya. In matarsa ta ce ya taho da goro ba ta ce fari ko ja ba, sai ya dawo hannu rabbana ya tsaya bakin ƙofa yana tambaya. In aka ce wa baƙo kunu ko fura ya yi shiru, Uwaisu ba zai bari a kawo masa ko ɗaya ba sai ya buɗe baki. Jikokinsa suka laƙaba masa A-tambaye-shi, har sunan ya bi shi masallaci. Mutane na dariya, amma duk wanda ya san inda ya samo halin ba ya taya su.

Da ƙuruciya ba haka yake ba. Yaro ne mai rawar kai, wanda zai ƙarasa maka magana tun ba ka kai rabi ba, kuma abin haushi, sau da yawa daidai yake ƙarasawa. Shi ne ɗan fari a gidan Malam Muhammadu Auwalu na Likoro, mai zauren karatu da gona a bayan gari. Saboda kunyar ɗan fari Malam bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, in ransa ya ɓaci ya ce "wancan". Mahaifiyarsa Hajo kuwa ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba.

Malam ba shi da sarauta, ba shi da dogari. Abin da ya mallaka bakinsa ne, don ba a taɓa jin ya faɗi magana ya sake ta ba. Da wannan bakin kaɗai ya hana noman taba shiga fadamar Likoro. A shekarun nan na bayan samun mulkin kai masu sayen ganyen taba sun karaɗe ƙauyuka, suna ba da iri suna ba da taki, maƙwabta duk sun kafa rumfunan shanya ganye. Malam ya ce shi a karatunsa abin bai halatta ba, ba zai noma ba, kuma ba ya so ya gani a garin da yake jan sallah. Mutane suka bi, wasu da zuciya ɗaya, wasu don kunya. Jagoran masu bi don kunya shi ne Maiturare, mai fadama mafi faɗi a garin, wanda in ya zo wucewa ta gonar taba a hanyar Kudan sai jakinsa ya gaji ba dalili.

Uwaisu ya yi allo a gida, ya yi elamantare a Makarfi, ya koyi buga tafireta a wani ofis a can. Saurin hannunsa ya sa aka ɗauke shi a wata tashar binciken noma kusa da Zariya, inda aka kawo abin da yanzu ake ce wa kwamfuta. Su a lokacin inji kawai suke ce masa. Ɗaki guda ya cika, ɗakin da sanyi kamar cikin randa, kuma ba ya karanta tawada, huda yake karantawa. Duk abin da ake so ya sani sai an huda masa a jikin kati. Aikin Uwaisu ke nan da fari, huda kati daga safe zuwa la'asar. Amma mai ƙarasa wa mutane magana ba zai iya zama yana huda abin da bai gane ba. Shugaban ɗakin, Maiwada, mutum mai haƙuri da ya yi karatun lissafi a ƙetare, ya lura yaron yana gyara kuskure a umarnin da ake ba shi ya kwafa, sai ya zaunar da shi ya koya masa rubuta umarnin da kansa.

Wani rani tashar ta shirya raba iri da takin zamani a wasu ƙauyukan Makarfi da Ikara da Kudan. Inji ne zai fitar wa kowane manomi 'yar takarda mai sunansa da abin da za a ba shi, ma'aji ya ɗaure kaya bisa takardar. Yadda aka tsara da farko, kowane ƙauye da umarninsa, an kuma rubuta nau'in shukar a cikin umarnin tun daga tushe: Janfalan auduga, Likoro masara, haka nan. Uwaisu ya karanta ya kasa haɗiyewa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a Likoro kaɗai akwai mai fadama, akwai mai tudu, akwai wanda gonarsa tsakuwa ce. In aka ba su masara dukansu, rabi gasa ta za su yi su cinye."

Maiwada ya ce, "To umarni nawa kake so mu rubuta, Malam Uwaisu? Kowane manomi da nasa?"

"Guda ɗaya, ranka ya daɗe. Sai dai kada mu gaya masa nau'in tun yanzu."

Ya yi masa bayani da abin da ya tashi yana gani a bakin fadama. Masu mazarƙwaila ruwan rake ɗaya suke dafawa, kwanon da aka miƙa lokacin zubi shi ke ba ta siffa. A jera wa inji kwanoni a gefe, na dawa, na masara, na gyaɗa, na auduga, na taba, kowanne da ma'aunin irinsa da takin da ya dace da shi. Umarnin ba zai san kwanon da zai ɗauka ba sai yana cikin aiki, katin manomi ya iso gabansa, ya duba hudar da ke gefen dama, sannan ya zaɓa ya zuba. Maiwada ya juya fensir a hannu, can ya ce ya je ya rubuta. Uwaisu ya rubuta cikin ɗoki. Kwanon taba ya fara rubutawa, ba don komai ba sai don ya rabu da shi, yadda mutum kan haɗiye maganin ɗaci kafin ya zauna cin tuwo. Shi ya sa taba ta zauna a farkon layi.

"Ka gwada?" in ji Maiwada.

"Kowane kwano na gwada, ranka ya daɗe. Duk sun fito daidai."

Gaskiya ya faɗa, kowane kwano ya gwada.

Shi aka tura Likoro ya tambayi mutanensu abin da kowa ke so. Nan ya tarar da bango. Mutanen karkara sun ga rubuta suna iri-iri, kuma a saninsu duk inda aka rubuta suna haraji na biye. Kwana da kwanaki yana yawo ƙofa-ƙofa ana ba shi ruwa ana sallamarsa. Ran Juma'a bayan an sallame, Malam ya juyo ya fuskanci jama'a, ya yi maganar da bai saba yin irinta ba.

Ya ce, "Yaron nan ya gaya mini babu haraji a ciki, babu cuta. Ku ba shi sunayenku. Abin da ya fito daga hannunsa, daga hannuna ya fito."

Uwaisu yana sahu na uku, kansa a ƙasa, daɗi kamar ya kashe shi. Tunda yake bai taɓa jin mahaifinsa ya yabe shi ba, yau ga shi ya ɗora masa abin da ya fi komai tsada a wurinsa. Kafin magariba layi ya kai bakin rijiya. Da yawa ma da suka ji iri na tafe suka buɗe ajiyar irinsu suka ci, don ranin ya yi tsawo.

Da ya zo kan Malam ya durƙusa a zaure ya ce, "Malam, me za a sa maka?"

"Ruwa ya sauka ne?"

"Bai sauka ba, Malam."

"To me kake tambayata? In ya zo da wuri akwai abin da zan shuka, in ya yi jinkiri akwai wani. Ni ban taɓa yanke wa gona hukunci da rani ba."

Uwaisu ya yi murmushi, don ya san daga nan shi ma ya ɗauko dabararsa ba daga masu mazarƙwaila kaɗai ba. Manyan almajiran Malam da suka ji amsar suka maimaita ta, Maiturare ma ya maimaita, har da ɗaga murya don a ji. Uwaisu ya koma tasha ya huda wa kowa nasa. Katin Malam da na waɗannan ya huda suna ya bar gefen dama lafiya lau. A ransa, inji zai ga babu komai ya tsallake, shi kuma in ruwa ya nuna alama ya zo ya ji zaɓinsu ya kawo musu da hannunsa. Bai tambayi Maiwada ba, bai gwada ba. Ya ƙarasa wa inji magana ne yadda ya saba ƙarasa wa mutane.

Inji ya yi aikinsa cikin ƙanƙanin lokaci, takardu suka fito tuli, aka yayyanka aka kai wa ma'aji. Maiwada ya dafa kafaɗarsa. Mako ya zagayo Uwaisu yana tafiya kamar ba a ƙasa yake takawa ba.

Ranar da motar kaya ta tashi, da hantsi, ya leƙa sito ya gaida ma'ajin, wani mai barkwanci da ake kira Ya'u. Ya'u na share ƙurar taki ya ce, "Kai mutumin Likoro, ashe kun shigo gari? Kuna ta yi mana wa'azi, ga shi na ɗaure muku gwangwanayen irin taba har da na babban malaminku."

Uwaisu ya yi dariya, sai ya ga Ya'u ba wasa yake ba. Ya ce, "Wane malami?"

"Muhammadu Auwalu. Ko ba shi ne tsohonka ba?"

Nan take ya gane, ba sai ya koma ɗakin inji ba. Inji ba ya tsallake kati. In ya duba bai ga huda ba, ba ya tsayawa, ba ya tambaya, zarcewa yake yi ya faɗa kwanon da ke farkon layi. Duk wanda ya ƙi zaɓa don bin Malam, shi aka zuba wa taba, Malam a cikinsu, da sunansa a buge.

Ya'u ya ga fuskarsa ya ajiye tsintsiya. Ya ce direba zai fara da Makarfi ne, ya wuce Janfalan, Likoro sai a dawowa, da kyar in ba gobe ba. Ya tura masa kekensa. Uwaisu ya hau ko izinin Maiwada bai nema ba. Dabararsa mai sauƙi ce, ya riga motar isa, ya tare ta a bayan gari, ya zare gwangwanayen da takardunsu kafin ido ya gani.

Rana ta take, hanya ta yi tsawo, amma da ya lissafa ya ga yana da sarari sai zuciyarsa ta ɗan kwanta. A Hunkuyi ya yi azahar, ya zauna ya sha fura, har ya tsaya gaisawa da wani ɗan ajinsu. Wannan zaman ya daɗe yana cinsa a rai. Da ya fito ya ga gabas ta haɗe, hadarin farko na shekara, baƙi ƙirin. Ya ƙara wuta. Da ya kai inda hanyar Likoro ta rabu da babbar hanya ya ga sawun taya mai faɗi, sabo, alamar mota ta riga ta karya ta shiga. Direban ma ya ga alamar hadarin tun da hantsi, ya san in ruwa ya taɓa hanyar Likoro mota ba ta fita, sai ya juya tsarinsa ya fara da can.

Sauran tafiyar Uwaisu bai san yadda ya yi ta ba. Ya tarar da garin kaf a ƙofar dagaci, ƙarƙashin tsamiya. An jira mutane sun dawo daga sharar gona, shi ya sa ba a gama ba. Malamin gonar da ya rako kayan na tsaye a bayan mota yana kiran suna da nau'i, ana sauke buhu. Iska ta fara kaɗa ganye. A gefe ɗaya ga mutanen Malam a tsaye cirko-cirko, kowanne riƙe da ɗan gwangwani da bai fi na kwalli ba, don irin taba kamar gari yake. Duk Malam suke kallo. Shi kuwa yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu, yana kallon ƙasa.

Uwaisu ya yar da keken ya kutsa. Bai kai ga mota ba malamin gona ya ɗaga takarda ya karanta, "Malam Muhammadu Auwalu." Ya ɗan tsaya, ya sake duba takardar. "Taba."

Jama'a duk suka juyo wajen Malam.

"Kuskure ne," in ji Uwaisu, yana haki. "Jama'a, kuskure ne. Malam bai zaɓi komai ba. Ku kawo gwangwanayen, za a sake."

Maiturare ya matso, nasa gwangwanin a tafin hannu, murya a sanyaye kamar mai ta'aziyya. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma ban zaɓa ba, yadda ba ka zaɓa ba. Mun bar wa Allah, ga abin da ya zo. Ni sai na ɗauka rabo ne. Kuma kai ka ce mana abin da ya fito daga hannun yaron nan daga hannunka ya fito. To muna so mu ji, maganar tana nan ko ta tashi?"

Wani tsoho da ya riga ya saɓa buhun dawa ya sauke shi a hankali. Ya ce in takardar Malam ƙarya ce, wa ya san tasa, wa kuma ya san zancen babu haraji. Na kusa da shi ma ya sauke. Uwaisu ya ga buhuna na komawa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ga hadari ya rufe rabin sama, ga mutanen da suka cinye irinsu saboda maganar mahaifinsa. In Malam ya ƙaryata takardar, za su bar irin a mota su shiga damina hannu wofi. In ya karɓa, an gama da zancen taba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Malam ya ɗago. Bai dubi Maiturare ba, ɗansa ya duba.

"Kai. Inji ya san taba?"

"Bai sani ba, Malam."

"To hannun wa ne?"

Akwai masu jira ya ce injin Turawa ne, da kuwa sun karɓa da gudu, don mutane na son laifin da ba shi da dangi a gari. Uwaisu ya ce, "Hannuna ne, Malam."

Malam ya gyaɗa kai. Ya miƙe da kyar, ya tako har bayan mota, ya miƙa hannun dama. Malamin gona ya sa masa gwangwanin a ciki yana kau da kai.

Malam ya ce, "Maganata tana nan. Daga hannuna ya fito, na karɓa. Ban ce zan shuka ba, ban kuma ce ya halatta ba. Masu buhu ku ɗauki buhunku, babu cuta a ciki. Wanda aka ba irin wannan, ya kawo mini, in auna masa dawa daga rumbuna."

Buhuna suka koma kafaɗa. Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin mota, mutane suka watse da gudu, ƙanshin ƙasa ya tashi. Uwaisu ya tsaya a cikin ruwan yana kallon mahaifinsa na tafiya gida, buzu a hammata, gwangwani a hannu, bai waiwayo ba.

Wasu sun kawo nasu, Malam ya auna musu har rumbun ya yi ƙasa, gidan ya sha kunu tsararo a damina. Wasu ba su kawo ba. Maganar da Malam ya yi a bakin mota doguwa ce, abin da ido ya gani gajere ne, kuma shi ya yi tafiya. Kafin kasuwar Makarfi ta sake ci, ana cewa malamin Likoro ya karɓi irin taba da hannun dama. Da kaka ta yi Maiturare ya kafa rumfar shanya ganye a bakin fadama, shekarar da ta biyo suka zama da yawa. Malam bai sake ambaton taba a wa'azi ba har ya bar duniya. Da wani almajirinsa ya tambaye shi dalili, sai ya ce wanda aka gani riƙe da abu ba shi ne zai hana shi ba.

Uwaisu ya koma tasha ya gaya wa Maiwada komai. Maiwada ya ce shi ma da laifinsa, tunda bai tambayi katin da babu huda ba. Tare suka gyara. Uwaisu ya ƙara kwano ɗaya a farkon layi, wanda ba ya zuba komai. In kati ya zo ba zaɓi, inji ya buga sunan mutumin, a gabansa ya rubuta a koma a tambaye shi. Ya yi aiki a wurin har gashinsa ya yi fari, injuna suka canja suka ƙanƙance, yara masu digiri suka zo suka wuce shi, amma duk umarnin da ya bi ta hannunsa da wannan kwanon yake farawa.

Tsakaninsa da Malam ba a sake tayar da zancen ba. Yakan zo gida ya durƙusa ya yi gaisuwa, Malam ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali. Gwangwanin kuwa yana nan a zaure, a saƙale jikin azara sama da inda Malam ke zama, ba a buɗe ba, ba a yar ba. Duk zuwan da Uwaisu zai yi sai idonsa ya kai can. Ya so a zage shi, ya so a ce masa ko da "wancan", bai samu ba. Ya kasa gane ko ajiye abin horo ne ko mantuwa, kuma shi da ya zama mai tambayar kowa, wannan tambayar ce kaɗai bai iya yi ba.

Da Malam ya rasu aka raba littattafai tsakanin ƙannen Uwaisu da suka gaji zauren. Bayan sadakar bakwai Hajo ta aika aka kira shi ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune ta ba shi gefe kamar yadda ta saba. Ta turo masa wani abu a ƙulle cikin tsumma. Gwangwanin ne, hayaƙin fitila ya mai da shi baƙi.

Ta ce, "Ya ce a ba ka. Ya ce ranar nan da ka so da ka laɓe bayan inji, ba ka laɓe ba. Shi ya sa ya ajiye."

Uwaisu ya riƙe shi da hannu biyu.

Hajo ta gyara mayafi, har yanzu bango take kallo. Ta ce, "Kuma ba yaron nan ya ce ba. Da sunanka ya faɗa."